Bankok: go-sulo kamar na ƙiyama amma ba mai danna hon

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Na ji shirinku na makon jiya kan cunkoson motoci a manyan biranen duniya, da aka zo kan Bankok babban birnin Tailan sai na ce bari in ɗan tofa albarkacin bakina, tunda ban jima da dawowa daga can ba, kuma karo na farko kenan da na taka garin. Ni dai a da abin da na sani da Tailan bai wuce buhun shinkafa ba.

Saro kaya ne ya kai ni. Mun bi ta Adis Ababa muka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi, ina fitowa waje zafi ya rufe ni, wani irin zafi mai gumi ba irin namu na bazara ba, kafin ka ce kwabo riga ta jiƙe sharkaf. Ga su suna tuƙi ta hannun hagu, na je zan shiga tasi na buɗe ƙofar direba, mutumin sai murmushi yake. Rasit ɗin farko da aka ba ni kuma na ga shekara ta wuce 2560 na ɗauka injin ne ya samu matsala, ashe kalandar addinin Buda suke bi, ta riga ta Miladiyya da shekara 543.

To go-sulon da kuka faɗa gaskiya ne, har ma kun rage. Amma abin da ba ku faɗa ba kuma shi ya fi tsaya min a rai, wallahi mun fi minti ashirin a tsaye wajen Pratunam, wata unguwar kasuwa a tsakiyar garin, motoci iya ganinka, ban ji mutum ɗaya ya danna hon ba, ba wanda ya leƙo ta taga yana zagin uban wani, ba wanda ya ɓallo hannun da ba nasa ba, kowa ya kama sitiyari ya yi shiru kamar masu zaman makoki. Ni ne ma na ƙagu nake ta tsaki a baya har na ji kunyar kaina.

Washegari wani ɗan'uwa da ya daɗe yana zuwa ya ce Alhaji ai ba a shiga tasi da rana a garin nan. Ya hau da ni jirgin ƙasan sama da suke kira BTS, wanda aka buɗe a 1999, kana tafe cikin sanyin AC kana kallon motoci a ƙasa sun cushe. Sai 'yan acaɓarsu, kowanne da falmaran ruwan goro mai lamba a baya, kowane rukuni da bakin layinsa, suna bin layi wajen ɗaukar fasinja. Na tuna namu da aka hana a Kano a 2013. Tuk-tuk kuwa adaidaita sahu ce kawai mai ƙarar tsiya, kuma in suka ga baƙo sai sun tsuga masa kuɗi, ka yi ciniki kafin ka hau.

Wanda ba zan manta ba shi ne kwale-kwalen inji na magudanar Saen Saep, daga Pratunam zuwa kasuwar Bobae. Ruwan baƙi ƙirin ga wari, akwai leda a gefe da ake ja sama kar ya fantsamo maka, kwandasta na bin gefen jirgin yana karɓar kuɗi jirgin na gudu. Ni tunanina tsarkin kayana ne saboda azahar ta kusa. A bakin ruwan nan kuwa masallatai ne da unguwannin Musulmi tun na kaka da kakanni, abin da ban taɓa zato ba.

Abinci ne ya ɗan wahalar da ni, naman alade ko'ina, sai ka duba tambarin halal ko ka nemi rumfar mai hijabi. Kwana biyun farko biredi da shayi na yi ta sha, sai da aka kai ni layin Larabawa na unguwar Nana na ci shinkafa da rago na dawo hayyacina.

Don Allah in za ku sake shirin ku nemi wani ɗan Tailan ku tambayar mana shi, wai wa ya koya musu haƙurin nan a kan titi?

Naku mai sauraro kullum,
wani ɗan kasuwar Kwari, Kano.