Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jahar Maraɗi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamar firamare ce a nan Maraɗi, kuma kukana ɗaya ne. Yaranmu suna koyon haɗa baƙi, amma ba su da littafin da za su buɗe don marmari. Ɗan wanda ya faɗo hannunsu da Faransanci yake, hotunan ciki kuma ba rumbu, ba amalanke, ba fuskar da ta yi kama da tasu.

Akwai wani ɗan Gana, Meshack Asare, an haife shi a 1945. Ya karanci zane a Kumasi, ya yi koyarwa a Tema, can ya kama rubuta wa yara labari yana zana hotunan da hannunsa. Bai je nesa neman abin faɗa ba: masunta, maƙeran tagulla na Asante, ƙauyukan bakin teku. A 1982 ya ci kyautar da ake kira Noma Award, ta littattafan da aka buga a Afirka. Littafinsa Sosu's Call labarin yaro ne gurgu, wanda mutanen gari suka raina, sai ga shi ranar da ruwa ya taso wa ƙauyen shi ya ja jiki ya kai ga ganga, ya buga, manya suka sheƙo daga gona. UNESCO ta karrama littafin a 1999. A 2015 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a Amurka. A da malamin makaranta ne fa kamar mu, sai dai ya samu masu buga masa aikinsa a Accra.

Mu nan hannu ba mu rasa ba. Dubi samarin da ke zana allunan shaguna da jikin manyan motoci. Tatsuniya kuwa, daga Tibiri har Tasawa kowace tsohuwa da Gizonta da Ƙoƙinta. Wanda zai haɗa mai labari da mai zane, ya biya maɗaba'a, shi ne babu.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. To, ranka ya daɗe, ina roƙo jaha ta sa gasa duk shekara ta littafin yara mai hoto cikin Hausa. Wanda ya ci a biya shi haƙƙinsa, marubuci da mai zane kowa da rabonsa, a buga littafin a raba har makarantun karkarar Dakwaro da Madarumfa. Kuma a bar yaro ya tafi da shi gida ya karanta wa ƙannensa, kada a kulle shi a ofishin darakta don tsoron ya yage.

Allah ya taya ka riƙo.

Wata malamar firamare, Maraɗi