Ina Masu Duba Rubutu Suka Shiga a Jaridunmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kurakuran rubutu suka yi katutu a jaridun Hausa da shafukan labarai na intanet, har ta kai wasu masu karatu sun daina ganin su a matsayin aibi. Ban ware jaridarku daga wannan magana ba, ko da yake ba ita ce kan gaba wajen laifin ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne watsi da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka buga kanun labari cewa "Gwamna ya kare aikin titi", mai karatu ba zai san ko kammala aikin ya yi ba, ko kuwa tsayawa ya yi yana mayar da martani ga masu sukarsa, sai ya shiga cikin labarin yana lalube. Sai kuma haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba, irin su "zasu" da "yace", da rikita jinsi, inda za a ce "gwamnati ya sanar" a sakin layi na farko, a na biyu kuma ta koma mace. Waɗannan duk da sauƙi idan aka kwatanta su da kuskuren da ke taɓa gaskiyar labari: a rubuta miliyan a kanu, a rubuta biliyan a ciki, a ɗauki ƙaramar hukuma a kai ta jihar da ba tata ba, a manna hoton wani bawan Allah da ke raye a labarin rasuwar mai irin sunansa. Akwai kuma labaran da ko ba a faɗa ba ka san inji ne ya fassara su daga Turanci, domin kalmomin na Hausa ne amma babu Bahaushen da zai jera su haka.

Ba rashin ƙa'ida ne ya jawo wannan ba. Tun a 1912 Hans Vischer, Baturen da ke kula da ilimi a Arewa wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko, a shekarun 1930 kuma aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya a Zariya. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa sun mayar da jaridar makarantar da jama'a ke koyon rubutu a cikinta, alhali a zamanin ana jera baƙaƙen dalma ne, gyaran kuskure ɗaya kuwa aiki ne ja. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako kan daidaita baƙaƙen rubutu a 1966, an yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Najeriya da na Nijar, sannan Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Saboda haka duk wanda ya ce bai san inda zai duba ba, bai nema ba ne. Uzurin cewa waya ba ta da waɗannan baƙaƙe shi ma ya daɗe da faɗuwa, tunda manhajar Gboard tana da allon rubutun Hausa, kuma kyauta ake sauke ta.

A ganina, abin da ya ɓace shi ne ido na biyu. A da, labari ba ya isa maɗaba'a sai ya bi ta hannun mai tace labarai, sannan mai duba kurakurai ya bi shi layi-layi da biro. Yau wakili ne zai rubuta labari a wayarsa yana kan babur ko a bakin zauren taro, ya tura, wani yaro a ofis ya ɗora shi a shafi cikin gaggawa don kada wata kafa ta riga su. Na san halin da gidajen jaridu ke ciki. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ta daɗe da durƙushewa, daga waje ake shigo da takarda, darajar naira ta faɗi warwas tun daga tsakiyar 2023, kuɗin talla kuma sun karkata zuwa Facebook da Google. To amma idan aka tashi rage ma'aikata, da mai duba rubutu ake farawa, saboda shi aikinsa ba a ganin sa sai ranar da ba ya nan.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma a aji nake ganin sakamakon wannan sakaci. Na taɓa yi wa wata ɗaliba jan biro a kan "zasu", washegari sai ga ta da takardar da ta kwafo jimloli daga wani shafin labarai, ta ajiye mini a kan tebur cikin ladabi, ta ce, "Malam, ai haka 'yan jarida suke rubutawa." Ita a wurinta abin da aka buga ya fi abin da malami ya rubuta a allo ƙarfi, alhali masu duba jarrabawar WAEC da NECO za su rage mata maki a kan ƙa'idojin rubutu, ba za su tambayi inda ta koyo ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne kada wani labari ya fita, a takarda ko a intanet, sai wanda ba shi ya rubuta shi ba ya karanta shi tun daga kanu har aya ta ƙarshe. Sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi suna yaye matasa duk shekara waɗanda za su iya wannan aiki, da yawansu kuma suna zaune babu abin yi. Haka nan ina roƙon ku ware ɗan gurbi a shafi na biyu domin gyaran kuskuren da aka yi a fitowar da ta gabata. A intanet ma, idan kun canza adadi ko suna a labarin da kuka riga kuka wallafa, ku rubuta a ƙarƙashinsa abin da kuka canza da ranar da kuka canza shi, domin kafin ku gyara, mutane da dama sun riga sun ɗauki hotonsa sun watsa a WhatsApp.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa, daga Gusau