Kafin a taɓa kayan tela idan ta rasu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in faɗi abin da ya same mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Inna tela ce, ta fi shekara arba'in tana ɗinki a zauren gidanmu a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ta bar kekuna uku. Babbansu shi ne baƙin Singer na ƙafa, wanda ta saya tun kafin gobarar Babbar Kasuwa ta 1982. Sai Butterfly da yara ke koyo a kai, da ƙaramin keke mai aiki da wuta. Ga kuma akwatunan ƙarfe biyu maƙil da turame.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba dillalai suka fara sallama. Wani ya kalli Singer ɗin ya ce tsohon ƙarfe ne, zai taimake mu da jika ashirin. Wata ta ce ta kwashe akwatunan gaba ɗaya, kada mu wahala da ƙirga. Wallahi na kusa amincewa, don a lokacin ko leƙa zauren ba na iyawa sai hawaye. Kawu ne ya ce a dakata, wannan gado ne, akwai haƙƙin ƙannena a ciki, ba a sayar da shi a kan tabarmar makoki.

Bayan arba'in ya kawo wani dattijon tela. Ya taka keken, ya saurari ƙararsa, ya ɗinka ƙyalle ninki huɗu, sannan ya yanka masa kuɗi sama da ninki uku na tayin dillali. Da aka buɗe akwatunan ya ware mana Holandis na asali da Inna ta saya kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994, da atamfofin Sonitextil da ba a ƙara samun irinsu a kasuwa. A ƙasa muka tarar da zannuwan ranar mata ta 13 ga Mayu, a jere, a ninke. Ita ma tana cikin matan da suka yi tattaki a 1991 don a ƙara musu kujeru a shirin babban taron ƙasa. Waɗannan ba mu sayar ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Yarinyar da Inna ta koya wa ɗinki ce ta tsaya a kan akwati na biyu ta ce, "Yaya, waɗannan ba na Inna ba ne." Yadi goma sha ɗaya, duk na masu kawo ɗinki. Inna ba ta rubutu, ƙulli take yi a gefen zane ko ta soka zare mai launi, sauran yana kanta. Da mun bi maganar dillaliya da mun sayar da amanar mutane, mun ɗora wa Inna nauyi a kabarinta ba da saninta ba. Har yau idan na tuna jikina yakan yi sanyi.

Don haka ina roƙon limamai, lokacin da ake cigiyar masu bin mamaci bashi wurin jana'iza, idan mai sana'ar hannu ne a ambaci kayan ajiya ma. Teloli kuma, don Allah ku riƙa maƙala 'yar takarda mai suna a kowane yadi.

Singer ɗin yarinyar nan muka sayar wa, tana biya kaɗan-kaɗan da yardar magada. Yadi tara sun koma hannun masu su. Saura shadda ruwan toka da wani farin leshi, suna nan a ajiye, kuma duk bikin da na je a unguwa sai na yi cigiya.

Wassalam.
Wata mai karanta jaridarku, Bukoki, Yamai