Godiya ga Alhaji mai shagon kayan aikin kafinta na Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya, gado da wadrob da kujerun tsakar gida nake yi, kuma yau na ce sai na fito fili na yi wa Alhaji mai shagon kayan aiki da ke wajen 'yan katako a Sabon Gari godiya, shi da yaransa biyu. Ban faɗi suna ba don ban nemi izininsa ba, amma duk kafintan da ke shiga wajen ya gane wa nake nufi.

Abin da ya kai ni filen ne, filen hannu na fere katako. Wanda nake da shi irin na arahar nan ne, ka wasa shi da safe kafin azahar ya dakushe, in ka ɗora shi kan madaci sai ya dinga tsalle yana yagar katakon, kai ta bi da sanfefa har hannu ya yi kanta. To ni kuma na kalli bidiyo a YouTube na ga Turawa na aiki da filen Lie-Nielsen, wanda ake ƙerawa a jihar Maine ta Amurka, da Veritas na Kanada, ɓawon katako na fita siriri kamar ɓawon albasa, shi ke nan raina ya biya, na ce ko adashina zan kwashe sai na mallaki filen lamba 7.

Da na faɗa wa Alhaji sai ya yi dariya ya sa aka kawo min benci ya ce zauna Malam, wane aiki kake yi tukun? Na faɗa masa. Ya ce lamba 7 inci 22 ne tsawonsa, aikinsa miƙar da gefen dogon katako in za a haɗa fuskar tebur ko ƙofa, nauyinsa kaɗai zai gajiyar da kai in da shi za ka wuni. Lamba 4 gajere ne, na gogewar ƙarshe. Wanda bai da ko ɗaya mai kyau lamba 5 ya kamata ya fara da shi, jak filen, inci 14, faɗin wuƙarsa inci 2, shi ne ke shiga kowane aiki. Maganar Lie-Nielsen kuma bai kushe ba, ya ce kaya ne na gaske, irin ƙarfensa ko ya faɗi ƙasa da wuya ya fashe, in na dage zai sa a yi min oda, amma in lissafa dala da kuɗin jirgi da kwastan sannan in tambayi kaina gado nawa zan sayar kafin kuɗin su dawo. Wallahi da wani ne da cewa zai yi kawo adibas kawai.

Sai ya shiga ciki ya fito da wani tsohon filen Record lamba 5 ɗan Ingila, ƙirar garin Sheffield, shuɗin fentinsa duk ya koɗe, cikin kayan gwanjo ya zo masa. Gaskiya da farko na raina shi. Nan Alhaji ya yi min karatun da ko maigidana da ya koya min aiki bai yi min ba, Allah ya jiƙansa. Ya kifa filen ya ɗora rula ta ƙarfe a ƙasansa ya ɗaga saitin rana, ya ce duba, gaba da bakin da wuƙa ke leƙowa da baya, wuri ukun nan dole su taɓa rular, in haske na wucewa ta gaban bakin ajiye shi ko nawa aka rage maka. Ya shafa kananzir gefen bakin ya goge, wai in akwai tsaga za ta fito baƙa, babu. Ya murza ƴar tayar tagullar nan ta baya wuƙa ta fito ta koma lafiya lau, ya kaɗa sandar da ke karkata ta hagu da dama. Ya cire ƙarfen da ke kwance kan wuƙar ya nuna min dole bakinsa ya manne ba rata, in ba haka ba ɓawo ya dinga cushewa kana tsayawa kana ciro shi da ƙusa, wanda shi ne ciwon da na daɗe ina fama da shi ban san dalili ba.

Yaronsa ya wasa wuƙar a gabana a kan kusurwar digiri 25, sannan ya ɗan ƙara ɗaga ta a ƙarshe, aka ɗauko guntun madaci aka ce bismilla. Sau ɗaya na tura shi na ji wannan sautin, shuuu, ɓawo ya naɗo tun daga farko har ƙarshe bai tsinke ba. Ban ma iya yin ciniki da kyau ba saboda fuskata ta riga ta tona ni, amma duk da haka ya yi min sauƙi har da kyautar dutsen wasawa.

Bayan sati biyu mariƙin baya ya tsage, laifina ne, yarona ya ture shi daga kan benci. Na koma ina jin kunya, Alhaji ya ciro wani daga mataccen filen ya ɗaura min, na sa hannu a aljihu ya ce haba Malam mayar. Ya ƙara da cewa damina na tafe, in dinga shafa masa man keken ɗinki in naɗe shi a tsumma kada tsatsa ta ci shi.

Alhaji na gode, Allah ya ƙara buɗi ya raya zuri'a, yaran shago ku ma Allah ya ba ku naku. Wadrob ɗin amaryar da na kai Samaru makon jiya da filen nan na gama ƙofofinsa, uwar amarya sai shafawa take tana tambaya wane inji ne. Kuma lamba 7 ɗin nan ban haƙura ba fa, in ya faɗo cikin kaya a ajiye min.

Naku,
wani kafinta daga Tudun Wada, Zariya