Zuwa ga aminina a Sakkwato, kan maganar ruwan sha

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya baƙunta, yaya kuma zafi? Saƙonka ya iso. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce kuɗin fiya wata ya fara cinye na cefane, har kun koma ƙirga wa yara leda. Don Allah a daina wannan tun yau. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, yaro kuma idan wasa ya ɗauke shi ba ya neman ruwa sai ya galabaita.

Mu fara da lissafi. Ku shida ne a gida. A irin wannan yanayi ka ƙiyasta wa kowa lita 3 a rana, babba ya ɗara haka, yaro ya gaza, jimla lita 18. Leda ɗaya rabin lita ce, ke nan leda 36 kullum, jaka 54 a wata tunda leda 20 ce a jaka. Wannan lita 18 ɗin ba ta ma cika jarka ɗaya ta ɗan ga-ruwa ba. Ka ga abin da kake biya da tsada leda ce da sanyi. Tsabtar kuwa kana iya yin ta a gida da ƙwaya guda.

Ka nemi Aquatabs a kemis, ƙwayar kulorin ce ta tsabtace ruwan sha, mai miligiram 67. Ƙwaya ɗaya ta lita 20 ce idan ruwan garau yake. Jarkar mangyaɗa da aka saba gani lita 25 take ci, don haka ka auna lita 20 sau ɗaya da gora, ka ja layi da fenti a jikinta, kullum a tsaya a nan. A jefa ƙwayar, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cur. Jiran nan shi ne aikin, kuma a nan mutane suke kuskure: a jefa magani yanzu a ɗebi ruwa yanzu, alhali kulorin bai gama da ƙwayoyin cuta ba. Bayan rabin awa ka buɗe ka shinshina. Ɗan warin kulorin shi ne shaidar maganin ya wadatar, har ya rage saura da zai ci gaba da tsare ruwan. In ba ka ji komai ba, dattin ruwan ya cinye shi, sai a ƙara a sake jira. In WaterGuard ka samu, na ruwa a kwalba, da murfinsa ake awo, ka bi abin da aka rubuta a jiki, ka duba ranar ƙarewar wa'adi, ka ajiye shi a inuwa domin zafi yana rage masa ƙarfi. Kada a taɓa zuba bilicin wanki mai ƙamshi a ruwan sha. Yara za su yi ƙorafin ɗanɗano kwana biyu, daga baya su saba.

Duk wannan ga ruwa mai haske ne. Idan ya zo a gurɓace, kamar yadda rijiya take yi bayan ruwan sama ko famfo bayan ya daɗe bai kawo ba, dole a fara kwantar da shi, domin ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin laka, magani ya kasa cim musu. Alif ya isa: a ɗaure ɗan guntu a tsumma, a zagaya da shi cikin bokiti 'yan lokuta, a cire, a bar ruwan ya natsu. Wanda ya yi yawa yana sa ruwa bauri. In babu alif, ga zogale. A samo 'ya'yan da suka bushe a kan bishiya, a ɓare, a daka su yi laushi, kimanin ƙwara ɗaya ga lita ɗaya. A dama garin da ruwa kaɗan a gora, a girgiza sosai, a tace cikin bokitin, a juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali na minti biyar zuwa goma, a bar shi awa ɗaya ko biyu ba motsi. Za ka ga lakar ta dunƙule ta zauna a ƙasa. A tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka huɗu. Kada ka raina ƙyallen nan. Tace ruwa na cikin abubuwan da suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Amma ka riƙe wannan da kyau: alif da zogale da ƙyalle gyara ido suke yi, ba sa kashe taifot da kwalara. Bayansu sai magani ko wuta.

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas, har wasu ƙwayoyin da kulorin ba ya iya musu tana kashewa. Idan ruwan ya yi ɓulɓul sosai, minti ɗaya ya isa, ba sai an ƙona gawayi rabin awa ba. Matsalarta kuɗin gas da itace, shi ya sa ban ce ku tafasa lita 18 kullum ba. Ku tafasa na ƙaramin yaro da na marar lafiya, a kan ragowar garwashin tuwon dare, a bar shi ya huce a rufe a cikin tukunyar da aka dafa shi.

Akwai kuma rana, wadda Allah ya ba ku kyauta a can. A samu gorunan roba farare tas, irin na ruwan kwalba, waɗanda ba su wuce lita 2 ba. A wanke, a cire takardar jiki, a cika da ruwa mai haske, a kwantar da su a kan kwanon rufi tun safe, su sha rana awa 6. In akwai hadari ko hazo mai kauri, kwana biyu. Gora mai launi ko wadda ta karce ta yi dishi-dishi ba ta yi. Gwajin hasken ruwan mai sauƙi ne: tsayar da gorar a kan babban rubutun jarida, ka leƙa ta baki, in ka karanta to ya yi. Gora goma sha biyu ta lita ɗaya da rabi ta ba ku lita 18 ba ko kwabo. A sha daga gorar kai tsaye, ko a zuba a kofi mai tsabta.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Sau da yawa ruwan da ke sa yara gudawa a gida yake lalacewa, bayan ya baro rijiya lafiya lau. Ka dubi randa da rana tsaka: yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ta faɗi ƙasa, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Ban ce a bar randa ba, domin ita ce firjin da ba ya jiran wutar lantarki: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, cikin ya yi sanyi, kuma busasshiyar iskarku ta fi dacewa da hakan. Gyara za a yi mata. A ɗora ta a kan mazauni mai ɗan tsayi a inuwa, a yi mata murfi mai zama daram, a samo ludayi mai dogon mariƙi a rataye shi a ƙusa, da shi ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai shi baki. In ka samu maginin tukwane ya yi maka mai famfo a gindi, ko ka sayi bokiti mai murfi da famfo, ya fi. A riƙa zuba na yini ɗaya kawai, kashegari a juye ragowar a yi wanke-wanke da shi, a ɗauraye randar.

Jarka ma tana son wanka duk mako. A zuba tsakuwa ƙanana da ruwan sabulu, a girgiza har gansakukar ciki ta fita, a ɗauraye. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi ba ta ƙara zama ta ruwan sha, ko an wanke ta sau nawa. Ka kuma tambayi ɗan ga-ruwanku inda yake ɗebowa, ka je ka gani da idonka. Rijiya tana son nisan aƙalla mita 30 daga shadda, bakinta a ɗaure da siminti, gugarta a rataye. Unguwa mai cunkoso ba ta cika samun haka ba, shi ya sa ko ruwan burtsatse ne a sa masa magani. Abin da magani da wuta ba sa cirewa shi ne guba irin ta dalma ko gishirin da ke cikin ƙasa, saboda haka in ruwan wata rijiya yana da ɗanɗanon ƙarfe ko yana kusa da wurin haƙar ma'adinai, a sauya rijiya.

Game da shan kansa, fitsari ne ma'auni. In ya yi fari-fari, jiki ya samu. In ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan, an yi ƙasa, kuma daɗewa a haka na jawo ciwon kai da kasala da tsakuwar ƙoda. Kai da kake yini a rana, kofi ɗaya duk bayan minti 20 ya fi ka kwankwaɗi lita guda a tashi ɗaya. Uwargida da take shayarwa ta ƙara kofi uku a kan abin da ta saba. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono kaɗai, ko zafi ya kai ina, domin akwai ruwan da yake buƙata a ciki, ruwan da za a ɗura masa kuma shi ne ƙofar gudawa. Zoɓo da kunun tsamiya da kankana duk suna shiga lissafi, in dai da ruwan jarkarku aka haɗa kuma ba a cika sukari ba. Ƙanƙarar kan titi da furar da aka dama da ruwan da ba ka san asalinsa ba, a yi hattara, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta.

In Allah ya kawo gudawa, kada a jira, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, domin gishiri mai yawa haɗari ne ga yaro. Na fakiti da ake sayarwa a kemis ya fi daidaito, ka ajiye guda biyar a gida tare da ƙwayar zinc da ake ba yaro mai gudawa. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Idan idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko bayan gidan ya zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, asibiti nan take, ana tafe ana ba shi.

Ka gaishe mini da uwargida, ka karanta mata wajen randar nan domin a hannunta abin yake. Ka shafa mini kan yara. In ka je kemis, ka turo mini hoton fakitin da ka samu in duba maka awonsa kafin ku fara.

Wassalam,
Naka amini.