Wasiƙa zuwa ga Habu

Assalamu alaikum Malam Habu,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Baba? Allah ya ƙara masa lafiya. Kayi haƙuri da shirun da nayi kwana biyu, wallahi lab ce ta riƙe ni, wata uku ina fama da abu ɗaya sai satin da ya wuce Allah ya warware min, kuma kai ka fara faɗo min a rai tunda kace zaka fara irin wannan aikin.

Kasan ina aiki da ƙwayoyin HL-60 ne na kansar jini, ina zuba musu maganin kamtotesin in ga yadda suke mutuwa, irin mutuwar nan da ƙwaya ke shirya wa kanta, afoftosis. Malamina tambaya ɗaya yake min, a wane mataki na rayuwarsu suke mutuwa, G1 ne kafin su fara kwafar DNA, ko S lokacin da suke kwafarsa, ko G2/M dab da rabuwa. Ita na'urar da nake aunawa da ita, fulo saitomita, jera ƙwayoyin take yi ɗaya bayan ɗaya a siririn ruwa kamar layin jarkoki a bakin famfo, hasken leza ya doki kowacce ta auna hasken da ya fito.

Da farko hanyar da kowa ke bi na bi, in jiƙa su a itanol mai sanyi kashi 70, in sa RNase mai narkar da RNA, ɗan'uwan DNA, saboda PI, jan rinin da ke kama DNA, har RNA yake kamawa, sai in rina. Mai DNA ninki biyu haskenta ninki biyu, masu mutuwa kuma gutsattsarin DNA ɗinsu ya zube sai su taru ƙasa da tudun G1 a zanen da na'urar ke fitarwa. To anan matsalar take mutumina, wannan tarin yana gaya maka an mutu amma baya gaya maka daga ina gawar ta fito, kuma ƙwayar G2/M idan ta zubar da kaɗan sai ta faɗo cikin S ko G1 ta ɓuya ka ƙirga ta cikin masu rai. Abin ya dame ni sosai don akan irin wannan lissafin ake yanke hukunci akan magani.

Mafitar ita ce in fara ɗaure su da fomaldihaid kashi 1 kafin itanol don gutsattsarin su tsaya a ciki, sannan in yi TUNEL wanda ke liƙa koren rini a duk inda DNA ya karye, in ƙara PI akai. Ranar na naɗe tubes ɗina da foil don haske na kashe rinin, ɗakin duhu ga sanyin AC, ina kallon ɗigo ɗigo suna fitowa a sikirin, sai naga na tsakiya, 'yan S, sun ɗaga sama gaba ɗaya saboda koren rinin da suka ɗauka, kamar an ɗebe su da ludayi, G1 da G2/M suna zaune a ƙasa. Awa huɗu kacal da sa magani. Dama shi maganin, abin da yake kamawa shi ne topoisomerase I, sinadarin da ke sassauta murɗewar DNA, ƙwayar da ke tsakar kwafar DNA ita ke cin karo da shi. Na daɗe zaune ina cewa Alhamdulillah.

Kai ma idan ka fara dan Allah ka riƙa ware ƙwayoyin da suka manne biyu biyu, 'yan G1 guda biyu sak G2/M suke fitowa.

Ka gaida Hajiya da yara, kuma ka rubuto min yadda kuka ƙare da maganar kuɗin bincikenka.

Naka har kullum,
Sani