Haƙƙin wanda ya biya rabin kuɗin fili ba tare da takarda ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama in yi tsokaci kan abin da ya sami wani maƙwabcina a nan Kano, domin irinsa ya zama ruwan dare a unguwannin bayan gari. Ya yi cinikin fuloti da baki a gaban dillali da shaidu biyu, ya biya rabin kuɗi, aka yi alkawarin cikon bayan babbar sallah, har mai filin ya nuna masa iyaka ya bar shi ya sauke yashi da bulo. Da aka fara raɗe-raɗin shimfiɗa titi a wurin, sai mai filin ya aiko masa da kuɗinsa, yana cewa ciniki bai faɗa ba tunda ba a rubuta komai ba.

Wannan magana ba ta da tushe kamar yadda mutane suke zato. Kotunan Najeriya sun daɗe da amincewa cewa cinikin fili bisa al'ada ba ya buƙatar rubutu, muddin an biya kuɗi, an yi a gaban shaidu, kuma an damƙa wa mai saye filin. A shari'ar Odusoga da Ricketts ta shekarar 1997, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wanda ya biya wani kaso, sannan ya kawo cikon a lokacin da aka ɗiba, ko cikin lokacin da hankali zai ɗauka idan ba a ɗibi lokaci ba, mai filin ba shi da ikon warware cinikin, kuma mai sayen da filin yake hannunsa yana iya neman kotu ta tilasta a cika masa alkawari. Sai dai hukuncin kaifi biyu ne da shi, domin wanda ya yi ta jan ƙafa har lokacin ya wuce, mai filin yana iya sayar wa wani, kuma bulon da ya sauke ba zai cece shi ba.

A fiƙihun Malikiyya ma, wanda kotunan Musulunci na jihohinmu suke aiki da shi, ciniki yana ƙulluwa da zarar wannan ya ce ya sayar, wancan ya ce ya saya, a kan sanannen abu da sanannen farashi. Abin da ya rage na kuɗi bashi ne a wuyan mai saye. Haka kuma mazhabar ba ta yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don ciniki ya watse ba, al'adar da wasu dillalai, Allah Ya shirye su, suke ɗauka kamar halal ce.

Inda mai saye yake da rauni shi ne wajen hujja, domin shaidu suna mutuwa, suna mantuwa, wasu kuma la'ada tana juya musu harshe. Ba banza ba ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi. Idan kuma filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun wani.

Shawarar da muka ba maƙwabcina ita ce kada ya karɓi kuɗin da aka mayar masa, domin karɓar tana iya zama shaidar cewa ya yarda a warware cinikin. Ya kai cikon a gaban mai unguwa da shaidun nan biyu tun kafin sallah, mai filin ya ƙi karɓa, mai unguwa kuma ya rubuta hakan ya sa hannu. Da wannan takarda ya tafi wurin lauya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano